Ledar Ɓawon Jatan Lande: Sabuwar Dabarar Adana Abinci da Abin da Ta Ƙunsa ga 'Yan Kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗora kayan gwari a mota daga Arewa zuwa Legas ya san cewa rana da tsawon hanya su ma suna da kasonsu a cikin kayan. Tumatirin da aka tsinka a Kadawa ko Ɗanja, aka danƙara a kwando, aka yi masa tafiyar kilomita wajen 1,000, kafin ya sauka a kasuwar Mile 12 wani sashe nasa ya riga ya zama ruwa. Wani rahoto da kamfanin PwC ya fitar a shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 45 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Nijeriya yana lalacewa bayan girbi. A faɗin duniya kuwa, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a shekarar 2019 cewa kusan kashi 14 cikin 100 na abinci yana salwanta tsakanin gona da kanti. Haka kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2015 cewa mutane miliyan 91 ne ke kamuwa da rashin lafiya a Afirka kowace shekara sanadiyyar gurɓataccen abinci, kuma 137,000 daga cikinsu suna rasa rayukansu.

Wannan asara ta dukiya da ta rayuka ita ce ta sa masana kimiyyar abinci suka daɗe suna neman abin naɗe abinci wanda aikinsa zai wuce kare shi daga ƙura da ƙuda, ya kai ga yaƙar ƙwayoyin da ke ruɓar da shi. Daga cikin abubuwan da aka gwada, babu wanda ya sha bincike kamar wani sinadari da ake kira kitosan, wanda ake samowa daga abin da masu sarrafa kayan teku ke zubarwa a juji, wato ɓawon jatan lande da na ƙaguwa.

Asalin kitosan wani abu ne da ake kira kitin, wanda shi ne ke ƙarfafa ɓawon jatan lande da ƙaguwa, da fatar fara da buzuzu da sauran ƙwari, da kuma jikin laimar kwaɗi da fumfuna. In ban da selulos, wato zaren da ke cikin itace da auduga, babu wani abu irinsa da ya kai shi yawa a doron ƙasa. Wani masani Bafaranshe mai suna Henri Braconnot, shugaban lambun tsirrai na birnin Nancy, shi ne ya fara ware shi daga laimar kwaɗi a shekarar 1811. A shekarar 1823 Auguste Odier ya same shi a jikin ƙwari, ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin riga. A shekarar 1859 Charles Rouget ya dafa kitin cikin kakkarfan ruwan fotash, ya tarar ya rikiɗe ya zama wani abu da ke narkewa cikin ruwan tsami, kuma a shekarar 1894 Bajamushe Felix Hoppe-Seyler ya kira wannan sabon abu kitosan. Daga nan sai ya yi shekaru masu yawa a kan kantar ɗakunan bincike ba tare da 'yan kasuwa sun waiwaye shi ba.

Hanyar da masana'antu ke bi a yau ba ta yi nisa da ta Rouget ba. Ana wanke ɓawon, a busar, a niƙa. Daga nan a jiƙa shi cikin asid mai sauƙin ƙarfi don ya narkar da allin da ke jikinsa, sa'an nan a sa shi cikin ruwan soda irin ta masu sabulu don ta cire ragowar tsoka. Abin da ya saura shi ne kitin. Mataki na ƙarshe, wanda ya fi kowanne cin kuɗi da haɗari, shi ne dafa kitin ɗin cikin soda mai kauri, kashi 40 zuwa 50 cikin 100, a zafin da ya kai ko ya wuce na tafasar ruwa. Wannan dahuwa ce ke ɓanɓare wasu ƙananan sassa daga jikinsa, kuma idan abin da aka ɓanɓare ya haura rabi, kitin ya zama kitosan. Wanda ake sayarwa a kasuwa yawanci yana tsakanin kashi 70 zuwa 95, kuma wannan adadi yana daga cikin abubuwan farko da mai saye ya kamata ya duba a takardar kaya, domin yana shafar ƙarfin aikinsa da farashinsa.

Yadda yake yaƙar ƙwayoyin cuta

Idan aka narkar da kitosan cikin ruwa mai ɗan tsami, alal misali ruwan khal wanda aka sirka, jikinsa yakan ɗauki wani caji na lantarki wanda yake kishiyar cajin da ke fatar bakteriya. Kamar yadda kan maganaɗisu ke fizgo kishiyarsa, haka kitosan ke manne wa fatar ƙwayar cutar, ya raunana ta har abin da ke cikinta ya riƙa yoyo. Bugu da ƙari yana kama wasu ƙarafa ƙanana da ƙwayoyin ke buƙata don su hayayyafa. Tun a shekarar 1979 wasu masana biyu a Jami'ar Jihar Washington ta Amurka, Allan da Hadwiger, suka nuna cewa yana hana nau'o'in fumfuna da dama girma. Daga baya aka gano cewa idan ya taɓa jikin tsiro ko ɗan itace, tsiron yakan ɗauka fumfuna ce ta kawo masa hari, sai ya tayar da nasa makaman kariya. Saboda wannan ne Tarayyar Turai ta amince da wani nau'insa a shekarar 2014 a matsayin abin kare amfanin gona.

Akwai hanyoyi biyu na amfani da shi wajen adana abinci, kuma yana da kyau mai karatu ya bambanta su, domin makomarsu a kasuwa ba ɗaya ba ce. Ta farko ita ce a yi leda da shi. Ana narkar da gram ɗaya ko biyu cikin kowane mililita 100 na ruwan tsami, a ƙara gilisarin don kada ta yi gautsi, a zuba a faffaɗan faranti a bar ruwan ya bushe, sai a ɗago wata siririyar fata garai-garai, mai ɗan launin rawaya, wadda za a iya naɗe nama ko kifi ko cuku da ita. Ta biyu ita ce shafi: a tsoma kayan cikin ruwan kitosan ko a fesa musu, a bar su su sha iska, sai wata fata da ido ba ya gani ta lulluɓe kowane ɗaya.

Shafin ya fi dacewa da 'ya'yan itace da kayan lambu, saboda bayan an tsinke su ba su daina numfashi ba. Suna shaƙar iskar oksijin, suna ƙona sukarin jikinsu, suna fitar da ruwa, kuma gwargwadon saurin numfashin gwargwadon saurin nuna da laushi. Fatar kitosan tana rage iskar da ke shiga, don haka nunar takan yi jinkiri. A shekarun 1991 da 1992 Ahmed El Ghaouth da abokan aikinsa a Jami'ar Laval da ke Kanada sun gwada wannan a kan sitiroberi, irin wanda ake nomawa a Filato yanzu, da kuma tumatir. Sun tarar cewa a kan sitiroberi shafin ya rage ruɓewa kusan daidai da maganin fumfuna na kanti, kuma tumatirin da aka shafa ya fi daɗewa da tauri. Masana a Jami'ar Jihar Luwiziyana ta Amurka sun gwada shi a kan ƙwai a farkon shekarun 2000, inda ƙwan da aka shafa ya ƙara makonni biyu zuwa uku da kyansa a ɗaki mai zafin digiri 25, saboda shafin yana toshe ƙananan ƙofofin ɓawon da ruwa da iska ke fita ta cikinsu. Ga masu kiwon kaji, waɗanda kan rasa yadda za su yi da ƙwai idan kasuwa ta cika, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Wani gwaji da ya shafe mu kai tsaye shi ne wanda masana suka yi a reshen Jami'ar Nottingham da ke Malesiya a wajen shekarun 2010 da 2011. Sun haɗa ƙaro kashi 10 cikin 100 da kitosan kashi 1 cikin 100, suka shafa wa ayaba, haɗin ya danne cutar baƙin tabo da ke ɓata ayaba da mangwaro da gwanda, kuma ayabar ta kai kwanaki 33. Ƙaron nan shi ne dai wanda ake tsinta a dazukan Borno da Yobe da Jigawa, ake fitarwa ɗanye zuwa Turai da Indiya. To amma a lura da sharaɗin gwajin: kwanaki 28 daga cikin 33 ɗin ayabar ta yi su ne a ɗakin sanyi mai digiri 13. Irin wannan bayani ne masu tallar sabuwar fasaha kan manta su faɗa, alhali shi ne ya fi muhimmanci ga wanda kayansa za su kwana a bayan tirela a watan Afrilu.

Inda gizo ke saƙar

Duk da dubban takardun bincike da aka wallafa a kansa, da wuya mutum ya shiga kanti a London ko Tokyo ya tarar da nama naɗe cikin ledar kitosan. Dalilan suna da yawa, kuma galibinsu na masana'anta ne.

Ledar roba da muka saba da ita ana narkar da ƙwayoyinta ne da zafi, inji ya hura ta, ta fito mita dubbai cikin awa guda, kuma a liƙe bakinta da ɗan zafi kaɗan. Kitosan ba ya narkewa da zafi. Kafin ya narke ya ƙone. Saboda haka dole a bi ta hanyar zubawa da jiran bushewa, wadda ke cin lokaci da wuta, kuma injinan da ke masana'antun leda na Sharaɗa da Bompai da Ikeja ba za su iya aiki da shi yadda yake ba. Ledar tana da kyau wajen tare iskar oksijin muddin tana bushe, amma tana son ruwa: da zarar ta sami laima sai ta kumbura, ta yi laushi, tururi ya riƙa ratsa ta. A ƙasar da damina ke cika iska da danshi, wannan babban aibi ne.

Har ila yau, ƙarfinsa na kashe ƙwayoyi yana tare da tsami. Idan ma'aunin tsamin abinci ya haura kimanin 6.5, wato ya kusanci na ruwan sha, cajin nan na jikinsa yakan ragu, aikinsa ya yi rauni. Gishiri da kitse da furotin da ke cikin abinci su ma suna rage masa kaifi. Kuma busasshiyar ledar ba ta sakin komai zuwa cikin abincin. Ƙwayar da ta taɓa jikinta kaɗai take shafa. Wannan ne ya sa masu bincike ke cuɗa ta da man kanumfari ko na kirfa ko na citta, waɗanda ke fita a hankali su bi saman abincin. Haɗin yana aiki, sai dai ƙamshin yakan kama kayan. Ga kilishi ko tsire wannan ba laifi ba ne, tunda dama da kanumfari da citta ake haɗa su, amma babu mai son mangwaronsa ya yi ƙamshin yaji.

Sa'an nan ga batun kuɗi. Wata maƙala da masana biyu na Jami'ar Ƙasa ta Singafo, Ning Yan da Xi Chen, suka wallafa a mujallar Nature a shekarar 2015 ta ƙiyasta cewa ana zubar da tan miliyan 6 zuwa 8 na ɓawon ƙaguwa da jatan lande da danginsu kowace shekara, tan miliyan 1.5 daga ciki a kudu maso gabashin Asiya kaɗai. A lokacin, tan guda na busasshen ɓawo bai wuce dalar Amurka 100 zuwa 120 ba, amma kilo guda na kitin mai inganci yana iya kaiwa dala 200. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu tana tafiya ne a kan asid da soda da wuta da ruwa, domin sun ce kilo guda na kitosan yana cin fiye da tan guda na ruwa, kuma ruwan da ya fito daga masana'antar dole a tace shi kafin a sake shi. Mai aikin gona ko na tace ruwa yana samun nau'i mai arha ƙwarai fiye da haka, amma ko mafi arharsa bai kusanci arhar roba ba.

Tarihin kamfanonin da suka gwada sa'arsu yana da darasi. Kamfanin CuanTec na Sikotland ya ja hankali a shekarar 2019 lokacin da kantunan Waitrose suka nuna sha'awar gwada ledarsa wajen naɗe kifi. Kamfanin Shellworks na London ya fara ne da ɓawon ƙaguwar teku, har sunansa daga nan ya samo asali, amma daga baya ya bar ɓawon ya koma ga wani abu da ƙwayoyin bakteriya ke samarwa. A Masar, masana daga Jami'ar Nilu da ta Nottingham sun ƙiyasta a shekarar 2017 cewa kilo guda na ɓawo zai ba da jakar cefane 15. Waɗanda suka daɗe a harkar, irin su Primex na Aisland da KitoZyme na Beljiyam da manyan masana'antun Sin da Indiya, garin kitosan suke sayarwa ga masu magunguna da kayan shafa da noma da tace ruwa. Hasali ma, wurin da ya fara yin suna sosai shi ne fagen fama, lokacin da sojojin Amurka suka riƙa amfani da bandejin HemCon mai tsayar da jini a Iraƙi da Afghanistan bayan an amince da shi a shekarar 2002. A can, mai saye ba ya taya farashi.

Ina Nijeriya a ciki

Ganin muna da gaɓar teku mai tsawon fiye da kilomita 800, kuma jiragen kamun jatan lande na Legas suna fitar da kaya zuwa Turai, mutum zai zaci ɓawo ba zai yi mana wuya ba. Lamarin bai kai haka sauƙi ba. Akasarin jatan landen da ake fitarwa ana daskarar da shi ne da ɓawonsa, saboda haka ɓawon yana ƙarewa a jujin wata ƙasa. Ƙananan da ake busarwa a Oron da sauran garuruwan gaɓar Akwa Ibom, waɗanda ake kira kirefish, da ɓawonsu ake daka su a zuba a miya, babu abin da ke saura. Tulin ɓawon dodon koɗi da ake gani a yankin Neja Delta kuwa kusan duk alli ne, kitin ɗinsa kaɗan ne. Ɓawon da ke warwatse a kasuwanni da otal-otal yana ɗoyi cikin kwana guda, kuma kuɗin tattara shi zai iya cinye ribar.

Wata ƙofa da ta fi kusa da Arewa ita ce ta ƙwari. Masu soya fara a Maiduguri da Kano suna fige fukafukai da ƙafafu su zubar, kuma akwai kitin a cikinsu. Masu kiwon tsutsar baƙin ƙudan nan da ake ciyar da kaji da kifi da ita suna tara saɓar da tsutsar ke bari, wadda ita ma masana'antu a wasu ƙasashe suka fara sarrafawa. Akwai kuma na fumfuna da laimar kwaɗi, wanda ke da fa'ida biyu: ba ya jiran lokacin kamun teku, kuma ya kuɓuta daga fargabar masu ƙyan jini ga naman jatan lande, waɗanda ragowar furotin a cikin kitosan marar tsabta zai iya tayar musu da ciwo. Dangane da halacci, mazhabar Malikiyya da ake bi a nan ta halatta dabbobin teku baki ɗaya, sai dai mai niyyar fitar da kaya zuwa ƙasashen da ke bin Hanafiyya ya kamata ya san cewa malamansu suna da magana a kan ƙaguwa.

A ganinmu, ɗan kasuwar Nijeriya ya fi kusa da cin moriyar shafi fiye da leda. Lissafin a fili yake: idan kashi 1 cikin 100 ake haɗawa, kilo guda na gari zai ba da lita 100 na ruwan tsomawa, kuma kayan aikin ba su wuce baho da ruwan khal da ragar shanya ba. Kayan da suka fi cancanta su ne masu daraja waɗanda ake tsinka da hannu a jera a kwali, kamar mangwaron Binuwai da ake son fitarwa waje, da tattasai, da sitiroberin Jos, da ƙwai. Kilishi da bandar kifi ma suna iya amfana ta fuskar fumfuna, musamman yanzu da ake kai su manyan kantuna cikin fakiti maimakon takardar siminti. Matakin da Jihar Legas ta ɗauka na hana robar kumfa ta zuba abinci a watan Janairun 2024, da faɗaɗa hanin zuwa wasu robobin amfani-ɗaya a watan Yulin 2025, ya buɗe kasuwa ga takarda da kwali, kuma shafa wa takarda kitosan yana sa ta tare maiƙo.

Amma tumatirin kwando, wanda da shi muka soma, matsalarsa ta fi ƙarfin shafi. Abin da ke kashe shi shi ne tsinin kwandon da ke huda shi, da nauyin kwandunan da aka ɗora a kansa, da zafi. Tumatirin da ya fashe babu fatar da za ta cece shi, kuma wanda aka zuba a kwando kafin shafin ya bushe sai ya fi saurin ruɓewa. Kiret ɗin roba, da tsinka da sassafe, da inuwa, da sanyaya irin ta tukunya-cikin-tukunya wadda ta sa malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar Rolex a shekarar 2000, su ne ke gaba; kitosan ƙari ne a kansu. Haka nan ba ya kashe ƙwaron wake, saboda haka ba shi ne zai maye gurbin maganin ƙwarin da ya jawo Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wakenmu a shekarar 2015 ba.

Ta fuskar doka, ƙasashe sun sha bamban. Japan ta amince da shi a cikin abinci tun shekarar 1983, Koriya ta Kudu ta bi sahu a 1995, yayin da Amurka da Turai ke duba kowane nau'i da kowane amfani daban. Mai fitar da 'ya'yan itace zuwa waje dole ya tabbatar da cewa ƙasar da zai kai kayan ta yarda da shafin kafin ya tsoma ko ɗaya, don kada a mayar masa da kwantena daga tashar jirgi. A cikin gida, duk abin da za a ci tare da abinci yana ƙarƙashin Hukumar NAFDAC, kuma akwai bambanci mai girma tsakanin nau'in abinci da nau'in masana'anta, wanda kan zo da ragowar ƙarafa masu guba da furotin. Wanda ke son gwadawa kafin ya zuba jari yana iya tuntuɓar Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya, mai hedkwata a Ilorin da reshe a Kano, ya nemi a raba kaya guda gida biyu, a shafa rabi a bar rabi, a ɗora su a mota ɗaya cikin zafin bazara, a ƙirga abin da ya isa kasuwa da kyansa a kowane ɓangare, sa'an nan a cire kuɗin gari da na leburan tsomawa daga bambancin.